An taɓa noman pesh a ƙasar Kanem? Abin da takarda, suna da ƙwallo ke faɗa game da garakenmu

A rabi na biyu na ƙarni na 13 wani malami ɗan Andalus, Ibn Sa'id al-Magribi, ya rubuta littafin labarin ƙasa, a ciki ya kawo bayanin daular Kanem da ke gabas da mu, wajen tafkin Chadi. Ya ce sarkin yana da lambuna a wajen babban birninsa Njimi, kuma an gwada shuka rake da inabi da alkama, sai dai ba mai ɗawainiya da su in ba sarki ba. Ya kuma ce rumman da khaukh suna da yawa a ƙasar. Khaukh shi ne ɗan itacen da Faransawa ke kira pêche, mu a Yamai mu ce pesh: mai laushin gashi a bawo, mai ƙwallo guda ɗaya mai kaushi a tsakiya. Yawancin ɗalibanmu a littafin karatun Faransanci suka san shi, wanda kuwa ya taɓa cin sa, na waje ya ci, wanda aka shigo da shi da tsada.

To yaya aka yi itacen da ba ma gani a garakenmu yau ya yawaita a bakin tafkin Chadi shekara ɗari bakwai da suka wuce? Ko dai marubucin kuskure ya yi? Wannan tambaya ta fi ƙarfin pesh. Duk abin da muke ci yana da ranar zuwa da hanyar da ya biyo, kuma shaidu uku ne ke ba da labarinsa: takardar da matafiya da malamai suka bari, sunan da ke bakin mutane, da ƙwallo ko ƙwayar da ta ƙone ta kwanta cikin ƙasa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya ɓatar da mutum in shi kaɗai aka saurara. Malamin da ya koya wa yaro haɗa su ukun ya ba shi abin da ya fi haddar sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe.

Itacen da sunansa ya ɓoye asalinsa

Rumawa sun kira pesh da sunan da ke nufin tuffar Farisa, domin ta hannun mutanen Farisa suka san shi. Daga wannan suna kalmar Faransanci ta fito, kuma har yau masana tsirrai Prunus persica suke rubutawa. Filini Babba, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79 lokacin aman wutar dutsen Besubiyus, ya lissafa shi cikin itatuwan da baƙi ne a Italiya. A garin Harkulanum, wanda wannan aman wuta ya binne, an samu zanensa a bangon wani gida, har da wanda aka gutsura ƙwallon ya fito fili. Suna da takarda duk sun nuna Farisa.

Ƙasa kuwa ta nuna wani wuri dabam. A Kuahuqiao, lardin Zhejiang na gabashin Sin, masu tonon kufai sun samu ƙwallayen pesh masu shekara kusan 8,000. Wani bincike da aka buga a 2014 ya jera ƙwallaye daga kufai dabam-dabam na ƙasan kogin Yangtze, ya nuna yadda suka riƙa girma suna canza siffa cikin shekara kusan 3,000, har suka yi kama da na yau a zamanin mutanen Liangzhu. Ma'ana, manoma ne suka yi ta zaɓen itace mai kyau suna barin marar kyau, kaka da jika, har ɗan itacen daji ya zama na gida. Farisa zango ce kawai a kan hanya.

Hanyar ma ba gaba kaɗai take tafiya ba. A ƙarni na 7 mutanen Samarkand sun aika wa sarkin Sin na daular Tang kyautar wani irin pesh mai launin zinariya, wato itacen ya koma gidan kakanninsa a matsayin baƙo. A Tashbulak kuma, wani tsohon gari a kan duwatsun Uzbekistan, an tono juji na tsakanin shekara ta 800 da 1100, aka samu ƙwallayen pesh tare da na inabi da sauran ƴaƴan itatuwa da goron ƙasashen sanyi. Garin yana kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,000, don haka yawancin waɗannan kaya daga kwaruruka aka hau da su kasuwa. Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe: samun ƙwallo a wuri yana nuna an ci, bai isa ya nuna an shuka ba.

Yadda ake sa juji ya yi magana

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Masu bincike kan ɗebi ƙasa daga tsohon murhu ko juji ko rumbun da ya ƙone, su zuba cikin ruwa su dama. Yashi da tsakuwa su nutse, ƙwayoyin da wuta ta mayar gawayi su taso sama, a tace su da ƙyalle mai laushi, a shanya, a duba su da madubin ƙara girma. Ƙwayar hatsi dabam take da ta dawa, ta alkama dabam da ta sha'ir, ko da sun ƙone. Daga nan a kai ƙwaya ɗaya ɗakin gwaji a auna abin da ya rage mata na kabon 14, wanda ke raguwa da rabi duk bayan shekara kusan 5,730, a ƙiyasta lokacin da aka girbe ta.

Sai dai juji yana da son kai. Ƙwallon dabino da na pesh da na magarya suna da tauri, suna daɗewa. Albasa da tafarnuwa da ganyen miya kuwa da wuya su bar sawu. Saboda haka rashin ganin albasa a kufai ba ya nufin mutanen wurin ba su ci ta ba. Haka nan dabino yana iya yin tafiyar wata biyu a kan raƙumi a ci shi a garin da ba a taɓa ganin itacensa ba. Kafin a ce an noma abu a wuri, sai an nemi ƙarin shaida: ƙaiƙayi da karan da ake bari a masussuka, gawayin itacen kansa, tsofaffin rijiyoyi da hanyoyin ruwa, ko takardar wanda ya ga gonar da idonsa.

Daga Fazzan zuwa Azelik

In pesh ko wani itacen arewa zai iso Kanem, hanyar da ta fi kusa ita ce wadda ta taso daga Tarabulus ta ratsa Fazzan a kudancin Libiya, ta biyo Kawar a ƙasarmu, wato Jado da Dirku da Bilma, ta sauka tafkin Chadi. A Fazzan, tun ƙarnoni kafin Miladiyya, mutanen da Rumawa ke kira Garamantes sun haƙa ɗaruruwan hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa suna shayar da gonaki. A kufansu na Zinkekra an samu alkama da sha'ir da dabino da inabi da ɓaure. A Jarma, babban birninsu, an samu ƙari a kan haka: hatsi da dawa da auduga, kayan damina na ƙasashen kudu. Wato tun kafin Musulunci, tsakiyar Sahara ta riga ta zama mahaɗar amfanin gona na arewa da na kudu.

Da Larabawa suka fara rubutu a kan ƙasashenmu sai bayani ya ƙaru. Al-Bakri, wanda ya kammala littafinsa a Andalus a 1068 daga bakin fatake da tsofaffin littattafai, ya bayyana Audagust a ƙasar Muritaniya ta yau. Ya ce ana noman alkama da fartanya ana ba ta ruwa da guga, kuma sarakuna da masu hali ne ke cin ta, sauran jama'a dawa suke ci. Ya ambaci dabino da ƙananan itatuwan ɓaure da ƴan kuringar inabi da lalle. Duk da haka, in ji shi, ana kawo alkama da dabino da busasshen inabi daga arewa. Ga noma ga kuma saye daga waje, a gari guda.

Tadmakka ita ce wurin da takarda da ƙasa suka fi haɗa baki. Kufanta, da ake kira Essuk, yana arewa da Kidal a Mali, kan hanyar da ke sauka Gao, ita kuwa Gao kimanin kilomita 450 ce daga Yamai in an bi kogi sama. Al-Bakri ya ce mutanen garin suna rayuwa da nama da nono da wata ƙwaya da ƙasa ke fitarwa ba tare da an shuka ba, ana kawo musu dawa daga kudu, kuma dinarinsu na zinariya ne tsantsa marar tambari. A 2005 Sam Nixon ya yi tono a wurin, ya ratsa ƙasar da ta taru tun wajen shekara ta 750 zuwa 1400. Aka samu ƙwayoyin ciyawar daji da ake tarawa a ci, aka samu hatsi da dabino da auduga, da alkamar da ke cikin mafi daɗewa da aka taɓa tonowa a Afirka ta Yamma. Aka kuma samu gutsattsarin tukwanen zubin kuɗi da ɗigon zinariya a manne. Mutumin da bai taɓa taka Sahara ba ya faɗi gaskiya, kuma juji ya gaskata shi bayan shekara fiye da 900.

A cikin ƙasarmu, Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353. Masana da yawa sun tsaya a kan cewa ita ce kufan Azelik da ke yankin Ingal, inda Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi bincike a shekarun 1970. Ya ce ba a noma komai a garin sai ƴar alkama kaɗan da fatake da baƙi ke ci. Ya ba da farashi: mudu 20 na alkama a miskalin zinariya ɗaya, hatsi kuwa mudu 90. Alkama ta ninka hatsi tsada sau huɗu da rabi ke nan. Ya kuma ce ana kai tagullar Takadda Gobir da Barno, wanda ke nuna ƙasar Hausa tana cikin wannan ciniki tun lokacin.

In aka jera waɗannan shaidu, abu guda ke fitowa. Amfanin gonar arewa ya ƙetaro hamada, amma ya tsaya a inda ake da rijiya da guga da mai kuɗin biyan ma'aikata: lambun sarki, unguwar fatake, kwarin da ruwa ke kusa. Abincin talaka bai gushe ba yana kan hatsi da dawa da abin da daji ya bayar.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu mu koma ga Ibn Sa'id. Shi ma bai je Kanem ba. Ya dogara da wani matafiyi mai suna Ibn Fatima wanda ya kai bakin tafkin. Maganarsa a kan rake da inabi da alkama ta yi daidai da abin da muka gani a Audagust da Takadda: kayan marmari ne na fada. Rumman ma ba abin mamaki ba ne, domin yana jure zafi, kuma har yau ana samun sa a garaken Timiya cikin duwatsun Abzin, tare da lemo da inabi da dabino.

Pesh ne ke da matsala, kuma matsalar a jikin itacen take. Yana zubar da ganye ya yi barci lokacin sanyi, kuma ba ya fure da kyau sai ya samu ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7 ko kusa da haka. A Yamai, a watan Janairu da muke rawar ɗari, matsakaicin sanyin dare wajen digiri 16 ne. Shi ya sa a wannan yanki na duniya itacen ya kama a tuddai, kamar na Yaman da na Habasha, inda ake kiran sa kok, sunan da ya fito daga khaukh ɗin Larabci. Kanem ƙasa ce ta rairayi da fadamu, ba ta da irin waɗannan tuddai. Mai yiwuwa ne sarki ya sa a yi ta lallaɓa ƴan itatuwa a lambunsa, amma a ce itacen ya yawaita a ƙasar, wannan da wuya.

Ita kanta kalmar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Masar da ƙasashen Magrib khaukh na nufin pesh, a ƙasar Sham kuwa wani ɗan itace dabam ake kira haka, pesh ɗin su ce masa durrak. Sannan ga gargaɗin Ibn Battuta, wanda shi ya taka ƙasar da ƙafarsa. A hanyarsa daga Walata zuwa birnin Mali a 1352 ya ga itatuwan daji masu ƴaƴa kama da tuffa da khaukh da mishmish, ya kuma faɗa a fili cewa ba su ba ne. Baƙo kan ba abin da bai sani ba sunan abin da ya sani. Turawa ma haka suka yi daga baya: tafashiya suka ce mata pesh ɗin Afirka, gawasar da ake kawowa kasuwannin Yamai suka ce mata tuffar Kayor, magaryar da aka yi wa aure kuwa yau ana tallar ta da sunan tuffar Sahel.

A ganina, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Ibn Fatima ya ga wani ɗan itacen ƙasar mai kama da wanda ya sani a gida, ya kira shi khaukh, Ibn Sa'id ya rubuta yadda ya ji. Shi kansa marubucin ya ce ƴaƴan itatuwan ƙasar ba su yi kama da na ƙasarsu ba. Abin da zai rushe wannan ra'ayi guda ne: a tono ƙwallon pesh, ko gawayin itacensa, daga wani kufai na Kanem ko Kawar, a auna shekarunsa. Wurare irin su Garumele a jihar Diffa, mai gine-ginen jan bulo na zamanin Kanem da Barno, su ne inda ake neman irin wannan amsa.

Sunayen da ke cikin tukunyarmu

Harshen Hausa ya adana sawun hanyoyin nan. Alkama, albasa, rumman, inabi da lemo duk daga Larabci suka shigo, biyun farko ma da al ɗinsu a manne. Dabino kuwa ba daga tamr na Larabci ya fito ba. Masana harshe na danganta shi da kalmar Barebari da ta Abzinawa, wanda ya dace da hanyar Kawar da Abzin da ayarin gishiri ke bi har yau, a kai hatsi Bilma da Fashi a dawo da gishiri da dabino.

Takardun gida ma sun taimaka. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, Sarkin Nupe ya aika wa Amina ta Zazzau goro 10,000. Ya ce Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir gishiri ya yawaita. Goro misali ne mai kyau na abin da ake ci ba a shuka ba: ya shiga aurenmu da sunanmu da gaisuwarmu, alhali itacensa na kurmi ne. Da Clapperton ya ziyarci Katsina a 1824 ya ga ɓaure da rumman da lemon tsami, aka kuma shaida masa cewa a da inabi yana da yawa amma ya yi ƙaranci. Itacen lambu yana buƙatar hannu kullum. In zaman lafiya ya tafi ko mai shayarwa ya tashi, sai ya bi su.

Amma suna ma yana yin irin abin da ya yi wa pesh. Masara ta ɗauki sunan Masar, alhali a kudancin Meziko aka fara noman ta shekara kusan 9,000 da suka wuce, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Turkawa ma Masar suke kiran ta, Misirawa su ce dawar Sham, Faransawan da kuma suka ce alkamar Turkiyya. Kowa ya ba ta sunan maƙwabcin da ya miƙo masa. Haka gwandar Masar, wadda aka raba ta da gwandar daji ta hanyar wannan suna, ita ma daga nahiyar Amurka take. Rogo, barkono, tumatir, dankali da gyaɗa duk daga can suke. Miyar da muke kira ta gargajiya, in aka cire mata baƙin da suka zo cikin shekara 500 na baya, kakanninmu na zamanin Ibn Battuta ne kaɗai za su gane ta.

Mu ma mun aika

Kada yaro ya tashi da tunanin cewa mu masu karɓa ne kawai. Ɗaya daga cikin shaidu mafi daɗewa na hatsin gida ta fito ne daga kwarin Tilemsi, arewa da Gao, inda aka ga sawun ƙaiƙayinsa a jikin tukwane na wajen shekara 2,500 kafin Miladiyya. Daga Sahel ɗin nan ya yi tafiya har Indiya tun kafin Miladiyya da fiye da shekara dubu, inda miliyoyin mutane ke cin sa yau da sunan bajra. Dawa an fara mayar da ita ta gida a gabashin Sudan, wajen Kasala, kusan shekara 3,000 kafin Miladiyya, ita ma ta kai Indiya da Sin. Wake na Afirka ta Yamma ne, kuma an samu tsoffin ƙwayoyinsa a kufan Kintampo na Gana. Shinkafar Afirka, mai jan bawo, a kwarin wannan kogi namu aka raine ta, an kuma same ta a kufan Jenne-jeno da Diya. Aikin da manoman Yangtze suka yi wa pesh, shi manomanmu suka yi wa hatsi.

Abin da ya shafe mu a aji da gida

Nan Yantala, duk wanda ya bi bakin kogi lokacin ɗari zai ga garake jere da salati da shu da karoti da tumatir da albasa, ga mangwaro da lemo suna yi musu inuwa. Da yake salati da shu da karoti sunayen Faransanci suke ɗauke da su, yara da yawa, har da manya, suna ɗauka cewa aikin garka gaba ɗaya Nasara ne suka kawo shi bayan Yamai ta zama babban birni a 1926. Takardu sun ƙaryata haka. Al-Idrisi, a 1154, ya ce mutanen biranen ƙasar Sudan suna shuka albasa da kabewa da kankana. Al-Umari, wajen 1337, ya lissafa albasa da tafarnuwa da gauta da wake cikin abin da ake nomawa a daular Mali. Nasara sun ƙaro iri, amma sun tarar da rijiya da guga da mutanen da suka san aikin.

Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Albasar Galmi, ta jihar Tawa, tana cikin manyan kayan da Nijar ke fitarwa zuwa ƙasashen maƙwabta. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na waje ya nemi hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashe da dama na Afirka, ta ba shi haƙƙi a kan iri mai ɗauke da wannan suna. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, kuma hujjarsu ta tarihi ce: wannan iri kakanninsu ne suka yi ta zaɓen sa a wannan ƙasa. Al'ummar da ba ta iya nuna tun yaushe take noman abu, da wuya ta kare shi ranar da wani ya zo da takarda.

Shaidar kuma tana ƙarewa a idonmu. An gano kufan Bura a jihar Tilaberi a 1975, Boubé Gado na cibiyar IRSH ya yi tono a 1983, duniya ta ga mutum-mutumin yumɓu na mahaya dawaki. Bayan haka masu haƙar sata suka far wa yankin, har kayan Bura suka shiga jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. Mai haƙar sata tukunya yake nema ya sayar. Tokar da ke gefenta, da ƙonanniyar ƙwayar da za ta gaya mana abin da mutanen suka ci, watsar da su yake yi, kuma ba mai iya mayar da su. Gine-gine da hanyoyi da ambaliya su ma suna cin nasu rabon.

Malami ba ya buƙatar kuɗi kafin ya fara. A sa kowane ɗalibi ya rubuto abubuwa goma da aka zuba a tukunyar gidansu jiya, da sunayensu a Hausa da Zabarmanci da Tamajak ko Fulatanci, gwargwadon harsunan da ke ajin. A allo a raba su: wanne ne sunansa ya yi kama a harsuna da yawa, wanne ne ke da al na Larabci, wanne ne ke ɗauke da sunan wata ƙasa ko wasu mutane. Sannan a tura su wurin tsofaffi da masu garka su tambayo abin da ba a shukawa lokacin ƙuruciyarsu, da wanda ake shukawa da amma ya ɓace. A ƙona ƙwayar hatsi da ta dawa da ƙwallon dabino da yankin albasa a cikin gwangwani, a binne su a kusurwar filin makaranta, a tono bayan damina a ga wanda ya rage. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba zai manta dalilin da ya sa juji ke tuna dabino ya manta albasa ba. Masu aji a Yamai suna da ƙarin gata: gidan tarihi na Boubou Hama yana nan, IRSH na ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, ICRISAT kuma tana da rumbun adana iri a Sadore.

Iyaye kuma, in yaro ya zo da tambayar daga ina abu kaza ya zo, kada a sallame shi da cewa haka muka tarar. A gaya masa abin da aka ji daga kaka, a kuma gaya masa daga wa aka ji. In an ci karo da tsohuwar tukunya ko toka mai kauri wajen haƙar tushen gini ko rijiya, a bar su yadda suke a sanar da masu binciken jami'ar Abdou Moumouni. Amsar tambayar pesh ɗin Kanem, da ta wasu tambayoyi da yawa game da abincinmu, tana iya kasancewa cikin irin wannan tokar.